H. P. Lovecraft: Marubucin labaran ban tsoro da wasiƙunsa suka raya sunansa, suka kuma tona asirinsa

A safiyar ranar 15 ga watan Maris na shekarar 1937, wani mutum mai shekara 46 ya mutu a asibitin Jane Brown da ke birnin Providence na Jihar Rhode Island a Amurka, bayan ya sha fama da ciwon daji na ƙaramin hanji. Mutanen da suka raka gawarsa maƙabarta ba su taka kara sun karya ba. Littafi ɗaya tak aka taɓa buga masa yana raye, shi ma cike da kurakuran ɗab'i, kuma kwafi kusan 200 kawai aka ɗinka. Sunansa Howard Phillips Lovecraft.

Yau da wuya a yi maganar labaran al'ajabi masu sa tsigar jiki tashi a ƙasashen Turai da Amurka ba a ambaci sunansa ba. An yi fina-finai da wasannin kwamfuta daga labaransa, an fassara su zuwa harsuna da dama, manyan marubuta irin su Stephen King kuma sun sha faɗin irin tasirin da ya yi a kansu. A shekarar 2009 wasu Amurkawa biyu, Chris Lackey da Chad Fifer, suka fara wani shirin murya da ake saurara ta intanet, irin wanda ake kira fodkas, mai suna The H. P. Lovecraft Literary Podcast. Suna ɗaukar labaransa ɗaya bayan ɗaya, a karanta wani sashe, sannan su yi sharhi. Da suka ƙare nasa, sai suka shiga labaran waɗanda ya karanta da waɗanda suka biyo bayansa. Daɗin shirin bai tsaya a sharhin kawai ba. Wani babban ɓangare na armashinsa yana wurin ratse, inda za a fara da dodon teku a ɓuge da barkwanci ko zancen wani tsohon fim, kafin a tuna a dawo kan hanya.

Duk wanda ya san rayuwar Lovecraft zai ga babu irin hirar da ta fi dacewa da shi kamar wannan, domin shi kansa uban masu ratse ne. Labaran da ya shahara da su ɗan ƙaramin kaso ne na abin da hannunsa ya rubuta. Mafi yawan tawadarsa a wasiƙa ta ƙare.

Gidan arziki da ya rushe

An haife shi ranar 20 ga watan Agusta na shekarar 1890 a gidan kakansa na wajen uwa, Whipple Van Buren Phillips, wani ɗan kasuwa mai hali da ke zaune a titin Angell a Providence. Mahaifinsa, Winfield Scott Lovecraft, yana yawon tallan kayan azurfa na wani kamfani. A shekarar 1893, yaron bai cika shekara uku ba, mahaifin ya zauce a wani otal a Chicago. Aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Butler, bai sake fitowa ba har ya mutu a 1898. Masu binciken tarihinsa sun fi karkata ga cewa ciwon tunjere ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Yaron ya tashi a hannun mahaifiyarsa Sarah Susan, da yayarta Lillian, da ƙanwarta Annie, da kuma kakan, wanda shi ne ya fara ba shi labaran fatalwa da tsofaffin gidaje da dare. Gidan yana da ɗakin littattafai, akasarinsu na ƙarni na 18, kuma a can ya ɗauko tsohon Turancin da bai rabu da shi ba har mutuwa. Yana ɗan shekara biyar ya karanta Dare Dubu da Ɗaya, littafin da masu karatun Hausa ba baƙonsu ba ne, ya kamu da shi har ya riƙa kwaikwayon shigar Larabawa, ya laƙa wa kansa suna Abdul Alhazred. A riƙe wannan sunan, za mu sake haɗuwa da shi.

Mutuwar kakarsa a 1896 ta jefa gidan cikin makoki, yaron kuma ya fara mugun mafarkin wasu baƙaƙen halittu marasa fuska masu fukafukai da ke sure shi su yi sama da shi. Bayan shekara 30 halittun suka shiga labaransa. Daga baya hankalinsa ya koma kan kimiyya, musamman ilimin sararin samaniya. Tun yana ɗan shekara 13 yake haɗa wata 'yar mujalla ta taurari da hannunsa yana raba wa dangi da abokai, kafin ya kai 17 kuma jaridun yankin sun fara buga rubutunsa kan wannan fanni.

A shekarar 1904 kakan ya mutu bayan harkokinsa sun karye. Dole aka sayar da gidan, shi da mahaifiyarsa suka koma wani ƙaramin wuri a kan titin. Wannan rashi bai taɓa warkewa a zuciyarsa ba. A 1908, dab da kammala sakandare, jiki da tunani suka ƙi masa, ya bar makaranta ba takardar shaida. Burinsa na shiga Jami'ar Brown ya karanci taurari ya bi ruwa. Shekara biyar da suka biyo baya ya yi su ne a ɗaki, yana barci da rana yana karatu da dare, shi da uwar da ke nuna masa so mai shaƙe numfashi, wadda kuma ta riƙa gaya wa mutane cewa ɗanta mummuna ne.

Wasiƙar ƙorafi ce ta fito da shi

Abin da ya fito da shi daga wannan ɗaki abin dariya ne. A 1913 ya rubuta wa mujallar Argosy wasiƙa yana kushe labaran soyayyar wani marubuci mai suna Fred Jackson. Masoyan Jackson suka yi masa ca. Shi kuma ya riƙa mayar musu da martani, har da waƙa. Cacar bakin ta ja hankalin Edward F. Daas, wani jigo a ƙungiyar marubuta 'yan sa-kai ta United Amateur Press Association, wanda ya gayyace shi ya shiga cikinsu a 1914. 'Yan ƙungiyar mutane ne da ke buga ƙananan mujallu da kuɗin aljihunsu suna aika wa juna ta gidan waya. Lovecraft ya fara tasa mai suna The Conservative a 1915, a 1917 kuma ya zama shugaban ƙungiyar. A wannan shekarar ya koma rubuta ƙagaggun labarai, ciki har da Dagon.

A nan ne al'adar wasiƙa ta kama shi. Masu nazari sun kiyasta cewa ya rubuta wasiƙu da katin gaisuwa dubbai barkatai, wasu suna kai adadin kusa da 100,000, ko da yake kaɗan daga ciki ne suka tsira. Akwai wasiƙa guda da ta kai shafi 70, da ƙananan haruffa, gaba da baya. Idan katin gaisuwa ne, sai ya cike shi har wurin manna kan sarki ya yi wuyar samu. Ya tsani keken rubutu, don haka da alƙalami yake yawancin aikinsa.

Abin da ke cikin wasiƙun ya fi yawansu ban mamaki. Yaro zai aiko masa da tambaya guda kan wani labari, sai amsa ta zo ta fara da labarin, ta ratsa ta daular Rum, ta bi ta fasalin ƙofofin tsofaffin gidajen Providence, ta tsaya kan kyanwowin maƙwabta da ya raɗa wa sunaye, ta lissafa abin da ya ci jiya da kuɗin da ya kashe, kafin ta dawo, in ma ta dawo. Yakan mayar da kwanan wata baya da shekara 200, ya sa 1730 a maimakon 1930, saboda ya ɗauki kansa mutumin zamanin da Amurka ke ƙarƙashin Sarkin Ingila, kuma bai taɓa yafe wa waɗanda suka yi yaƙin neman 'yanci ba. Tun yana da shekara 30 da 'yan kai yake sa hannu a matsayin kaka, yana kiran abokansa jikoki, yana kiran 'yan uwan mahaifiyarsa da suka haife shi 'ya'yansa. Wanda ya san shi ta labaransa kawai zai zaci mutum ne mai murtuke fuska. Wasiƙun sun nuna mutum mai zolaya, wanda ya taɓa zuwa wani shago a garin Warren da abokansa biyu suka ɗanɗana askirim fiye da iri 20 a zama ɗaya.

Aure da shekara biyu a New York

Mahaifiyarsa ta shiga asibitin Butler a 1919, inda mijinta ya ƙare, ta mutu a watan Mayun 1921 bayan tiyatar madaciya. Makonni kaɗan bayan haka, a wani taron marubuta a Boston, ya haɗu da Sonia Greene, Bayahudiya haifaffiyar Yukren, wadda ta girme shi da shekara bakwai, kuma tana samun kuɗi sosai a sana'ar hulunan mata. Sun yi aure ranar 3 ga watan Maris na 1924 a New York, bai gaya wa dangin mahaifiyarsa ba sai da aka gama.

Farkon lamarin kamar tauraruwarsa za ta haska. An kafa mujallar Weird Tales a Chicago a 1923, ta kuma fara karɓar labaransa. Mai mujallar ya ba shi Dala 100 don ya rubuta labari da sunan shahararren ɗan dabo Harry Houdini, kan yadda aka jefa shi a wani rami ƙarƙashin dalar Misira. Lovecraft ya yar da kwafin da ya buga a tashar jirgin ƙasa, don haka ango da amarya suka kwashe dararen farko na aurensu ita tana karanto rubutun hannu shi yana bugawa. An yi masa tayin zama editan mujallar, bai karɓa ba, ga ƙin komawa Chicago, ga kuma mujallar na fama da bashi.

Daga nan komai ya sukurkuce. Shagon Sonia ya karye, ta yi rashin lafiya, a ƙarshen 1924 ta tafi neman aiki a Jihar Ohio. Shi kuma ya yi ta yawo da takardar neman aiki, mutum mai shekara 34 da bai taɓa riƙe aikin albashi ba, babu wanda ya ɗauke shi. Ya kama ɗaki guda a titin Clinton a Brooklyn, kusa da unguwar Red Hook mai cike da baƙi 'yan ci-rani daga Italiya da Siriya da wasu ƙasashe. A watan Mayun 1925 ɓarayi suka shiga ɗakin yana barci suka kwashe masa kwat-kwat ɗinsa. Wasiƙun da ya aika gida kan yadda ya zaga shagunan New York yana neman kwat mai maɓalli uku a kuɗi kaɗan sun ci shafuka masu yawa.

A wannan zama ne abin da ke cikin ransa ya fito fili, kuma babu amfanin rufa-rufa a kai. Lovecraft mai tsananin wariyar launin fata ne. Tun a 1912 ya rubuta wata gajeriyar waƙa da ke siffanta baƙar fata a matsayin halitta tsakanin mutum da dabba. Baƙar kyanwar da ya yi ƙuruciya da ita sunan zagin baƙar fata aka sa mata, ya kuma maimaita sunan a wani labarinsa. Sonia ta ba da labari bayan mutuwarsa cewa idan suka shiga cunkoson mutane masu launi daban-daban a titi sai ya fusata kamar zai fita hayyacinsa, kuma takan tuna masa cewa ita ma Bayahudiya ce. Labarin The Horror at Red Hook da ya rubuta a watan Agustan 1925 ƙyamar maƙwabtansa ce aka yi wa rigar almara. Masu kare shi sukan ce zamaninsa ne haka. Gaskiya ne wariya ta yi katutu a Amurkar wancan lokaci, amma nasa ya wuce na yawancin abokansa, wasunsu ma irin su James F. Morton, wanda ya rubuta ƙasida kan illar wariyar launin fata, sun yi ta jayayya da shi shekara da shekaru ba su ci nasara ba.

Komawa gida

Ranar 17 ga watan Afrilun 1926 ya koma Providence. Sonia ta nemi ta biyo shi ta buɗe shago a can, amma Lillian da Annie suka nuna cewa mutuncin gidansu ba zai ɗauki matar ɗansu tana kasuwanci a garin ba, duk da cewa gidan ba shi da ko sisi. Aure ya mutu a tsaye. An shiga kotu a 1929, sai dai bai taɓa sa hannu a takardar ƙarshe ba, abin da Sonia ba ta sani ba har ta sake aure.

Shekara goma da suka rage masa su ne na manyan ayyukansa. A 1926 ya rubuta The Call of Cthulhu, labarin wata ƙatuwar halitta mai fukafukai, da kai irin na dabbar tekun nan mai hannuwa takwas, da ke kwance a wani birni da ya nutse a tekun Pasifik, tana shiga mafarkin mutane. A 1927 ya rubuta The Colour Out of Space, wanda shi kansa ya fi so, inda wani dutse ya faɗo daga sama a gonar wani manomi ɗauke da launin da ido bai taɓa gani ba. Amfanin gona ya yi girma amma ba ya ciwuwa, dabbobi suka lalace, iyalin suka zauce ɗaya bayan ɗaya. Babu dodon da ya yi niyyar cutar da su. Abin ya zo ne kawai, ya ci, ya tafi. Dala 25 mujallar Amazing Stories ta biya shi.

A nan bambancinsa yake da waɗanda suka gabace shi. Tsofaffin labaran tsoro na Turawa suna da fatalwa mai neman fansa ko shaiɗan mai neman rai, wato mutum yana da daraja har ana farautarsa. Lovecraft bai yi imani da addini ba ko kaɗan, kuma abin da ya ɗauko daga karatun taurari shi ne cewa sararin samaniya ya yi faɗi da daɗewar da ɗan Adam ba komai ba ne a cikinsa. Halittunsa ba su ƙi mutum ba, ba su ma san da shi ba, kamar yadda mai tafiya ba ya sanin tururuwar da ya taka. Jarumansa yawanci malaman jami'a ne ko masu binciken tarihi da ke tono takardu har su gano abin da ya fi ƙarfin hankalinsu. Mai karatu ba sai ya yarda da wannan aƙida ba kafin ya ga cewa ta ba labaran wani sanyi da ba a saba ji ba. Rubutunsa yana da nauyi, yakan jibga siffofi har su gundura, ba ya iya rubuta hira tsakanin mutum biyu, mata kuma kusan babu su a duniyarsa. Amma ya iya gina fargaba a hankali, takarda bayan takarda, har mai karatu ya riga jarumin gane abin da ke tafe.

Sunan ƙuruciyar nan, Abdul Alhazred, ya dawo a matsayin mawallafin wani littafin sihiri da Lovecraft ya ƙago mai suna Necronomicon. Ya ma tsara masa tarihi: wai mawaƙi ne mutumin Sana'a a Yaman a zamanin Banu Umayya, ya yi shekara goma shi kaɗai a hamadar Rub'ul Khali, ya rubuta littafin a Dimashƙa da sunan Al Azif, sannan wata halitta da ba a gani ta cinye shi da rana tsaka a shekarar 738. Har Ibn Khallikan, marubucin tarihi na gaske, ya jingina wa labarin. Duk almajirin da ya yi nahawu zai ga sunan bai zauna ba, tunda an maimaita alif da lam, wanda ke nuna Larabcin yaro ɗan shekara biyar ne. Amma ƙaryar ta yi kama da gaskiya har masu karatu suka riƙa rubuto masa suna tambayar inda za su sami littafin, shi kuma yana amsa musu cewa babu shi. Har yau akwai masu nemansa, wasu 'yan kasuwa ma sun buga littattafai da sunan.

Talauci da abokan da bai taɓa gani ba

Weird Tales takan biya kusan kwabo ɗaya na Amurka a kan kowace kalma. The Dunwich Horror ya kawo masa Dala 240, amma irin wannan ba ya zuwa sai jefi-jefi. Abin da ya fi dogara da shi shi ne gyara rubutun wasu, wani lokaci ya rubuta labari ɗungurungum wani ya sa sunansa, da kuma ɗan gadon da ke ƙarewa. Abincinsa waken gwangwani da burodi da cuku da kofi mai sukari da yawa, yana kuma alfahari a wasiƙa da ƙanƙantar abin da yake kashewa a mako. Abin da ya tara yakan hau motar haya mafi araha ya tafi kallon tsofaffin garuruwa: Charleston, da New Orleans, da Quebec a Kanada. Rubutu mafi tsawo da ya taɓa yi a rayuwarsa bayanin Quebec ne, wanda ya rubuta don kansa, bai kuma nemi a buga ba.

A 1931 ya rubuta At the Mountains of Madness, kan wasu masu bincike da suka gano kufan wani birni da ya girmi ɗan Adam a yankin ƙanƙara na Antatika. Editan Weird Tales, Farnsworth Wright, ya mayar masa da shi. Abin ya karya masa gwiwa ƙwarai, daga nan ya rage rubuta labari, wanda ya rubuta ma sai ya jefa a aljihun tebur. Abokai ne suka ɗauki wannan labari da The Shadow out of Time suka sayar wa mujallar Astounding Stories, aka buga su a 1936 bayan an yi musu yankan da ya ɓata masa rai.

Za a iya cewa wasiƙu sun cinye lokacin da ya kamata ya yi labarai, kuma wasu abokansa sun faɗi haka. Sai dai a cikin wasiƙun ne ya tara jama'ar da ta zama gatansa. Ya yi shekara 15 yana musayar wasiƙa da Clark Ashton Smith na California ba su taɓa haɗuwa ba. Daga 1930 ya shiga doguwar muhawara da Robert E. Howard na Texas, wanda ya ƙago jarumi Conan, kan wanne ya fi tsakanin wayewar birni da rayuwar jeji, muhawarar da ta ci shekara shida ta ratsa tarihi da siyasa da dambe, har Howard ya harbe kansa a watan Yunin 1936. Su ma ba su taɓa ganin juna ba. Yakan ƙarfafa wa abokan gwiwa su ari dodanninsa su sa a labaransu, shi ma ya ari nasu, shi ya sa duniyar da ya ƙago ta zama gonar gandu.

Yara ma bai raina su ba. Robert Barlow yana ɗan shekara 13 ya fara rubuta masa, Lovecraft bai san yaro ba ne sai da ya kai masa ziyara Florida a 1934. Robert Bloch, wanda daga baya ya rubuta Psycho, yana sakandare ya aiko da wasiƙarsa ta farko a 1933. Bayan shekara biyu Bloch ya nemi izinin kashe wani mai kama da Lovecraft a labarinsa, Lovecraft ya aika masa da takardar izini ta barkwanci, sannan ya rama ta hanyar kashe wani Robert Blake a The Haunter of the Dark. Wannan shi ne labari na ƙarshe da ya rubuta shi kaɗai.

Karyewar tattalin arzikin Amurka ta sauya masa ra'ayin siyasa. Mai ra'ayin riƙau na da ya koma goyon bayan Shugaba Roosevelt, har yana ganin gwamnati ba ta yi nisa yadda ya kamata ba wajen taimakon talaka. Ya ɗan sassauta kan wasu ƙabilu. Kan baƙar fata kuwa, wasiƙunsa na ƙarshe ba su nuna ya gusa ba.

Ciwon ciki ya daɗe yana cinsa bai je wurin likita ba. A farkon 1937, yana zaune da Annie a gida mai lamba 66 a titin College, ya riƙa rubuta yadda zafin ke ƙaruwa kullum a wani ɗan littafi, har hannu ya kasa riƙe fensir. An kai shi asibiti ranar 10 ga Maris. A kan teburinsa an tarar da doguwar wasiƙa zuwa ga Morton da bai ƙarasa ba.

Bayan mutuwa

Mujallu irin su Weird Tales a kan takarda mai araha ake buga su, a karanta a yar. Da babu wanda ya tashi tsaye, da labaransa sun ruɓe tare da su. Barlow, wanda ya bar wa wasiyyar takardunsa, ya kai su ɗakin karatu na John Hay a Jami'ar Brown, jami'ar da bai samu shiga ba. August Derleth, wanda ya yi shekara 11 yana rubuta masa ba su taɓa gaisawa hannu da hannu ba, shi da Donald Wandrei suka kai labaran wurin manyan kamfanonin ɗab'i aka ƙi karɓa. Sai suka kafa nasu, Arkham House, a 1939, suka buga The Outsider and Others kwafi 1,268. Sai da aka yi shekara huɗu kafin su ƙare. A 1945 babban mai sharhin adabi Edmund Wilson ya yi wa labaran kaca-kaca a mujallar The New Yorker. Bayan shekara 60, a 2005, Library of America, mai tattara ayyukan manyan marubutan ƙasar, ta fitar da kundin labaransa. Kabarinsa a maƙabartar Swan Point bai da dutsen kansa sai a 1977 da masoya suka yi karo-karo suka kafa.

Arkham House ɗin ce kuma ta buga zaɓaɓɓun wasiƙunsa a juzu'i biyar tsakanin 1965 da 1976, daga baya masana irin su S. T. Joshi suka fitar da wasu cikakku. Da su ne duniya ta san mutumin mai kirki ga yara da kyanwowi, da su ne kuma ta san abin da yake faɗi kan baƙar fata da Yahudawa idan ya saki jiki. Amininsa Samuel Loveman, Bayahude, da ya ji daga bakin Sonia irin abin da Lovecraft ke cewa a kan mutanensa, sai ya ƙona wasiƙun da ke hannunsa. Sonia ma ta ƙona nata.

Daga 1975, kyautar World Fantasy, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan irin wannan adabi, mutum-mutumin kan Lovecraft ne ake miƙa wa wanda ya ci. A 2011 Nnedi Okorafor, marubuciya Ba'amurkiya da iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne daga Nijeriya, ta ci kyautar da littafinta Who Fears Death. Bayan ta kai mutum-mutumin gida ne aka nuna mata waƙar nan ta 1912, ta kuma fito fili ta bayyana yadda ta ji da ganin kan mutumin da ya rubuta ta a ajiye a ɗakinta a matsayin lambar girma. A 2014 marubuci Daniel José Older ya jagoranci takardar koke, a watan Nuwamban 2015 masu kyautar suka sanar da cewa sun daina amfani da siffarsa. Joshi ya fusata har ya mayar da nasa kyaututtukan biyu.

Wasu marubutan kuma wata hanya suka bi. A 2016 Victor LaValle, baƙar fata ɗan New York wanda mahaifiyarsa 'yar Yuganda ce, kuma wanda ya tashi yana karanta Lovecraft, ya ɗauki The Horror at Red Hook ya sake ba da labarin ta idon wani baƙar fata ɗan unguwar Harlem, ya sa masa suna The Ballad of Black Tom. A wannan shekarar Matt Ruff ya fitar da Lovecraft Country, inda wani iyali baƙar fata ke fuskantar dodanni da 'yan sandan Amurkar shekarun 1950 a lokaci guda. Tashar HBO ta mayar da shi fim mai dogon zango a 2020.